Daga kashi 33.3 zuwa 4.1: yaya ake ƙirga marasa aikin yi da albashin ma'aikata a Najeriya?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. A watan Maris na 2021 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce rashin aikin yi a watanni ukun ƙarshe na 2020 ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. Daga nan aka yi shiru fiye da shekara biyu. A watan Agustan 2023 sai ta fito ta ce kashi 5.3 ne a ƙarshen 2022, kashi 4.1 kuma a farkon 2023. Babu wanda ya ga masana'antun Sharaɗa da Bompai sun farfaɗo a tsakanin nan, kuma matasan da ke zaune a majalisa suna nan inda suke. Ina roƙon masana a cikinmu su warware mana yadda ake wannan lissafi tun daga tushe. In mun gama da shi sai mu taɓa batun albashi, domin shi ma akwai ruɗani a kai.

Dakta Asma'u:
Wa alaikumus salam Malam. Farkon abin da za a riƙe shi ne ba dukkan jama'ar ƙasa ake raba adadin da su ba. Ana ɗaukar waɗanda suka kai shekarun aiki, a kasa su gida uku: masu aiki, marasa aiki, da waɗanda ba sa cikin fagen aikin gaba ɗaya, kamar ɗalibin da karatu kawai yake yi, ko tsohon da ya daina komai, ko wanda ba ya neman aiki. Kashin da ake sanarwa yana fitowa ne idan aka raba marasa aiki da jimlar gida biyun farko. Gida na uku ba ya shiga lissafin ko kaɗan.

A tsohon tsari, shekarun aiki daga 15 zuwa 64 ne. Wanda ya yi awa 40 ko fiye a mako shi ne mai cikakken aiki. Mai awa 20 zuwa 39 ana cewa aikinsa bai ishe shi ba. Wanda bai kai awa 20 ba, ko da ya yi 19, ana jefa shi cikin marasa aiki tare da wanda bai yi komai ba.

A sabon tsari ana farawa daga shekara 15 ba tare da iyaka a sama ba. Duk wanda ya yi aƙalla awa ɗaya cikin kwana bakwai da suka wuce domin a biya shi ko domin ya ci riba, mai aiki ne. Kafin a kira mutum marar aiki kuma sai ya cika sharuɗɗa uku a tare: bai yi ko awa ɗayan ba, ya nemi aiki da gaske cikin makonni huɗu da suka wuce, kuma a shirye yake ya fara in ya samu. In ɗaya ya faɗi, ba a sa shi a wannan gida. Wannan ba ƙirƙirar NBS ba ce. Ƙa'idar taron masana ƙididdigar ƙwadago na duniya karo na 19 ce, wanda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta shirya a Janiba a 2013, ita kuma maganar awa ɗayan ta girmi wannan, tun taron 1982 take.

Injiniya Bashir:
Ranki ya daɗe, bayani ya fito, amma ni dai ban gamsu ba. Yaron da ya wanke mota ɗaya ranar Talata aka ba shi naira dubu, bai ƙara samun komai ba har mako ya zagayo, a ce shi da babban sakatare a ma'aikata layi ɗaya suke? Tsohon shugaban hukumar ma, Dakta Yemi Kale, ya fito ya nuna rashin amincewarsa da wannan awa ɗaya. Ƙa'idar da aka gina domin ƙasashen da ake biya bisa awa, kuma awa ɗaya take sayen abinci, ba lallai ta dace da mu ba.

Dakta Asma'u:
Injiniya, damuwarka a kan hanya take, sai dai a duba abin da aka ƙera ma'aunin ya auna. Ba wadata yake aunawa ba, ba kuma ingancin aiki ba. Tambayarsa ita ce: mutum nawa ne ba su taɓa wani aikin samun kuɗi ba ko kaɗan, alhali suna nema? An sa awa ɗaya ne saboda a iya haɗa lissafin ma'aikata da lissafin abin da ƙasa ta samar, domin duk awar da aka yi aiki tana cikin arzikin da ake ƙirgawa. Da an sa iyaka a awa 20, da an samu kayan da aka samar amma babu wanda ya samar da su a takarda.

Ga misali, ba adadin gaske ba ne, don a ga yadda hannu ke juyawa. A ɗauki unguwa mai manya 100. Mutum 36 suna yin awa 40 ko fiye, 16 suna yin 20 zuwa 39, 14 suna yin ƙasa da 20, mutum 4 ba su yi komai ba kuma suna nema, sauran 30 ba sa cikin fage. Waɗanda ke fage 70 ke nan. Tsohon tsari zai haɗa 14 da 4, ya raba 18 da 70, ya ba ka kashi 25.7. Sabon tsari zai raba 4 da 70, ya ba ka kashi 5.7. Unguwa ɗaya, rana ɗaya, babu wanda rayuwarsa ta canza. Mudu aka sauya, hatsin yana nan yadda yake.

Malam Nura, Zariya:
Dakta, a ƙara da wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Awa ɗayan ita kaɗai ba ta isa ta sauko da adadin daga 33 zuwa 5 ba. A rahoton ƙarshen 2020, waɗanda ke fagen aiki kimanin miliyan 69.7 ne, marasa aiki miliyan 23.2. A cikin waɗannan, kimanin miliyan 11 sun yi awa 1 zuwa 19, miliyan 12.2 ne ba su yi komai ba. Ko da a lokacin aka yi amfani da ƙa'idar awa ɗaya, in ka raba 12.2 da 69.7 kashi 17.5 za ka samu. To ina sauran ya tafi?

Wuri uku zan nuna. Na farko, lokacin: ƙarshen 2020 ana cikin raɗaɗin korona, kasuwanni ba su gama dawowa ba. Na biyu, sharaɗin nema da gaske cikin makonni huɗu yana zare mutane da yawa daga marasa aiki ya mayar da su wajen fage. Na uku, wanda a ganina ya fi nauyi, takardar tambayoyin ce ta canza. Yanzu ba a tsayawa kan tambaya ɗaya. In mutum ya ce bai yi aikin albashi ba, a tambaye shi ko ya yi wata sana'a tasa, ko ya taimaka a shagon gidansu, ko ya yi noma ko kiwo ko kamun kifi, ko yana da aikin da ya ɗan bari na wani lokaci. Kowace tambaya tana kamo wasu da ta farko ta sake. Shi ya sa a 2020 waɗanda ke fage ba su wuce kashi 57 na masu shekarun aiki ba, wato miliyan 69.7 cikin miliyan 122, amma a sabon tsari an ce kusan kashi 80. Na ƙasan lissafin ya kumbura, na saman ya ragu, dole kashin ya faɗi.

Saboda haka duk wanda ya jera 33.3 da 4.1 a layi ɗaya ya ce an samu ci gaba, ya yi kuskure. Ita kanta hukumar ta ce ba a kwatanta su.

Hajiya Rabi:
Malam Nura ya taɓo inda ya fi shafar mu a Arewa. Yawancin bayanan nan a ƙofar gida ake ɗaukar su, kuma sau da yawa maigida ne ke amsawa a madadin kowa. A tambaye shi me uwargida take yi, ya ce tana gida. Alhali da asuba ta dama koko ta soya ƙosai an kai bakin layi, da hantsi ta matse man gyaɗa ta toya ƙuli-ƙuli, ga injin markaɗe a tsakar gida ana biyan ta, ga kitso da yamma. A ƙa'ida wannan mata mai aiki ce mai zaman kanta, wataƙila ma awanninta sun fi na ma'aikacin ofis. Idan ba a aika mace mai ɗaukar bayanai ta shiga ciki ta tambaye ta da bakinta ba, za a rubuta ta cikin waɗanda ba sa fage. Shi ya sa adadin matan da ke aiki yake rawa sosai daga bincike zuwa bincike.

Kuma a bambanta: girkin gida, wanki, renon yara, ɗebo ruwa da itace don amfanin gidan, duk ƙa'idar 2013 ta yarda cewa aiki ne, amma ba ta sa su cikin aikin samun kuɗi ba. Suna da nasu gurbin daban. Yarinyar da ke kai tallan kuma in ba ta kai 15 ba, ba ta cikin wannan lissafin sam, tana cikin binciken aikatau na yara.

Injiniya Bashir:
To manomi fa, Hajiya? Mutumin da ke noma gero da dawa a Jigawa, ya zuba a rumbu, su ci har damina ta zagayo. Wane gida yake?

Malam Nura, Zariya:
Nan ne sabuwar ƙa'ida ta yi tsauri maimakon sassauci. Ana tambayarsa: abin da kake nomawa, yawancinsa don sayarwa ne ko don ci a gida? In don sayarwa ne, kamar mai riɗi ko mai tumatir ko mai shinkafar rani a Kadawa, mai aiki ne. In yawanci don ci ne, ba a ƙirga shi cikin masu aikin samun kuɗi, yana gurbin masu samarwa don kansu. Daga nan a duba: in yana neman aikin kuɗi kuma a shirye yake, marar aiki ne, in ba ya nema, yana wajen fage.

Matsalar da ake cin karo da ita a fili ita ce manomi ɗaya yana da gero na ci, da wake na sayarwa, da akuya biyu da za a kai kasuwa in lalura ta taso. Niyyar da ya yi lokacin shuka ake tambaya, ba abin da ya faru bayan girbi ba, kuma amsar tana iya canzawa gwargwadon yadda aka yi masa tambayar. Sannan akwai rani. Wanda ya ajiye fartanya gaba ɗaya daga Disamba zuwa Mayu, ba ya gyaran gona ba ya kai taki, ba a cewa yana da aikin da ya ɗan bari. A watannin nan sai an ga abin da yake yi a zahiri. In ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal yana tura baro ko yankan farce, akwai haɗarin a rasa shi a duka wuraren biyu: a ƙauye an ce ba ya nan, a birni kuma yana kwana a shago ko tasha, ba ya cikin jerin gidajen da aka zana.

Dakta Asma'u:
Wannan na cikin dalilan da suka sa aka canza yadda ake zuwa gidajen. A da gidaje 33,300 ake ziyarta a ɗan lokaci guda. Yanzu gidaje 35,520 ne, amma an baza su cikin wata 12, kowane wata ana fita, don damina da kaka da rani duk su shiga. Wannan gyara ne mai kyau, sai dai yana da farashi. In ka raba 35,520 da 37, wato jihohi 36 da Abuja, kowace ta samu gida 960 a shekara, 80 a wata, 240 a wata uku. Gida 240 bai isa a yanke hukunci kan jiha kamar Kano ba. Shi ya sa rahoton wata uku-uku na ƙasa baki ɗaya ne, na jihohi sai an tara na shekara. Haka kuma in adadi ya motsa daga 4.1 zuwa 4.2, kada a gina magana a kai, motsi irin wannan yana iya zama na zaɓen gidajen ne kawai.

Matakan kuwa haka suke: a zaɓo yankunan ƙidaya daga taswirar Hukumar Ƙidayar Jama'a, a shiga kowane yanki a jera gidajen da ke ciki, na'ura ta zaɓo wasu ba da son ran kowa ba, mai ɗaukar bayanai ya je da kwamfutar hannu ya cika, a tura, a tace. A ƙarshe kowane gida a ba shi nauyi, wato gida nawa yake wakilta a ƙasa. Nan ne raunin yake, domin nauyin ya dogara da yawan jama'a, mu kuwa rabonmu da ƙidaya tun 2006, ta 2023 an ɗage ta. Duk adadin miliyoyin da ake bayarwa a kan hasashe yake zaune. Kashi cikin ɗari ya fi miliyoyin abin dogaro. Ga kuma yankunan da rashin tsaro ya hana shiga. In aka musanya ƙauyen da ba a iya zuwa da wanda ake iya zuwa, an cire mutanen da suka fi kowa rasa gona da kasuwa daga hoton.

Malam Isuhu, Maraɗi:
Gaisuwa ga 'yan'uwa. Mu ma a Nijar haka abin yake. Hukumar ƙididdiga ta INS tana bin ƙa'idar ILO ɗin nan, kuma a 2017 an yi babban bincike kan ayyukan yi da sana'o'in da ba su da rajista a ƙasashe takwas na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, da tsari iri ɗaya. Duk inda aka yi wannan awo a ƙasar talakawa, adadin marasa aiki ƙarami yake fitowa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: zaman jiran aiki sai wanda ke da mai ciyar da shi. Wanda ba shi da kowa dole ya fita ko da ruwan sanyi ne ya sayar. Shi ya sa za ku ga adadin ya fi yawa a birni fiye da ƙauye, ya fi yawa kuma ga masu digiri fiye da waɗanda ba su yi boko ba. Afirka ta Kudu da wannan awa ɗayan take aunawa, amma nata ya haura kashi 30, saboda ƙananan sana'o'i ba su da faɗi a can kamar namu, kuma gwamnati tana ba miliyoyin mutane tallafin wata-wata. Ba wai mun fi su wadata ba ne.

Injiniya Bashir:
In haka ne, Allah ya gafarta Malam, adadin ba shi da amfani gare mu ke nan. Me ya sa shi ake sa wa a kanun labarai?

Dakta Asma'u:
Shi kaɗai amfaninsa kaɗan ne, a nan muna tare. Amma ƙa'idar 2013 ma'auni huɗu ta bayar, LU1 zuwa LU4, kuma laifin masu kanun labarai ne da suke tsayawa a na farko. Mu koma unguwarmu. LU1, wato marasa aiki kawai, shi ne 4 cikin 70. A ce cikin mutum 30 da ba su kai awa 40 ba, 10 suna son ƙarin aiki kuma suna da lokacinsa: LU2 ya zama 14 cikin 70, kashi 20. A ce cikin 30 na wajen fage akwai 6 da za su karɓi aiki yau in an ba su, amma sun gaji da nema sun daina: LU3 ya zama 10 cikin 76, kashi 13.2. A haɗa duka, 20 cikin 76, LU4 ya ba da kashi 26.3. Ka ga an dawo kusa da abin da ido ke gani.

A rahoton farkon 2023 ɗin nan da ya ce 4.1, a ciki aka ce masu aikin da bai ishe su ba kashi 12.2 ne, masu aikin da ba shi da rajista ko kariyar doka kashi 92.6, masu karɓar albashi kuma kashi 11.8 kacal. A wurina waɗannan biyun na ƙarshe su ne labarin. Cikin masu aiki goma, ɗaya ne da ɗan ɗoriya yake jiran ƙarshen wata.

Alhaji Garba:
Madalla da wannan bayani. Tunda an zo kan albashi bari in karɓa daga nan. Hanyar ƙirga ma'aikata biyu ce: ko ka tambayi mutane a gidajensu, ko ka tambayi masu biyan su. Ta farko mutane take ƙirgawa, ta biyu guraben aiki. Malamin firamare da ke tuƙa adaidaita sahu bayan la'asar mutum ɗaya ne a binciken gidaje, kuma aikin da ya fi ba wa awanni shi ake rubutawa a matsayin babban aikinsa. Likitan da ke asibitin gwamnati da safe, na kuɗi da dare, sau biyu zai fito a takardun masu biya. Amurka tana yin duka biyun kowane wata, gidaje kimanin 60,000 a gefe guda, kamfanoni da ma'aikatu a ɗaya gefen, kuma adadinsu yakan saɓa ba tare da wani ya yi ƙarya ba.

A nan gida, ma'aikatan gwamnati ba su da rajista guda ɗaya. Na tarayya suna kan IPPIS, tsarin biyan albashi na bai ɗaya ta kwamfuta, wanda aka fara a 2007, amma ba kowa ba: a Disambar 2023 majalisar zartarwa ta amince a cire jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi daga ciki. Kowace jiha tana da nata jadawalin, ga ƙananan hukumomi 774, ga malaman firamare ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Duk wanda ya ce maka ga yawan ma'aikatan gwamnati a Najeriya, tambaye shi wane mataki ya haɗa, kuma ya sa 'yan wucin gadi, da masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan N-Power, ko bai sa ba. Jadawalin albashi kuma sunaye yake nunawa, ba mutanen da suka zo aiki ba. A Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta ce ta cire sunayen bogi sama da 23,000 bayan an gwada su da lambar BVN. Kafin ranar, duk suna cikin ƙididdiga.

Hajiya Rabi:
Alhaji, yajin aiki fa? Malaman jami'a sun yi wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma an tsayar da albashinsu.

Malam Nura, Zariya:
Hajiya, ƙa'idar tana duba ko igiyar da ke tsakanin mutum da aikinsa tana nan. Mai hutun shekara ko jinya ko hutun haihuwa mai aiki ne kai tsaye. Yajin aiki, da dakatarwa, da hutun karatu kuwa ana gwada su da abu biyu: ana ci gaba da biyan sa, ko kuma tsawon rashin zuwan bai wuce kimanin wata uku ba. In babu ko ɗaya, binciken gidaje yana iya fitar da shi daga masu aiki a wannan makon, alhali sunansa yana nan daram a jadawalin ma'aikata. Wannan ma wani wuri ne da hanyoyin biyu suke rabuwa. Haka yaron shago: in maigida yana ba shi kuɗi ko wani abu a madadin aikinsa, mai aiki ne. In koyo kawai yake ba a ba shi komai, yana gurbin masu koyon sana'a ba biya.

Alhaji Garba:
Sai adadin albashin kansa. Abu huɗu ake tambaya kafin a yarda da kowace lamba.

Ɗaya, kafin a cire ne ko bayan an cire? Abin da ke takardar tsarin albashi, ko CONPSS na ma'aikatan ofis ne, ko CONMESS na likitoci, ko CONUASS na malaman jami'a, ba shi ke faɗawa asusu ba. Ana cire kashi 8 na fansho inda ake bin dokar 2014, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 10 nasa, ana cire haraji, da kuɗin asusun gidaje kashi 2.5, da na ƙungiya, da bashin banki in akwai. In ka tambayi ma'aikaci a gida, abin da ya gani a saƙon banki zai faɗa maka. In ka tambayi ofishin akanta, jimlar kafin cirewa zai ba ka, wani lokaci har da kashi 10 ɗin da ma'aikacin bai taɓa riƙewa ba. Alawus da ake biya sau ɗaya a shekara kuma sai an raba shi 12 kafin a haɗa.

Biyu, an biya ko an rubuta za a biya? Jihar da ma'aikata ke bin ta wata uku, a takarda albashinta cikakke ne.

Uku, wane irin matsakaici? Ofis mai mutum goma, tara suna karɓar 80,000, shugaba yana karɓar miliyan ɗaya. In ka tara ka raba goma, 172,000 za ka samu, kuma babu ko mutum ɗaya a ofishin da ke karɓar haka. In ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, 80,000 ne. Na tsakiyan ya fi faɗin gaskiyar yawancin mutane. Kuma matsakaicin yana iya tashi ba tare da an ƙara wa kowa sisi ba: a sallami masinjoji da masu shara a ba kamfani kwangilar aikinsu, nan take lissafi zai nuna albashi ya ƙaru.

Huɗu, me kuɗin ke saye? Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a Yulin 2024. Daga 30 zuwa 70 ƙarin kashi 133 ne a takarda. Amma a 2019 litar fetur naira 145 ce, 30,000 tana sayen lita 206. Lokacin da aka sa hannu kan 70,000 lita tana 617 a gidajen man NNPC a Abuja, wato lita 113. Kaya ɗaya ba ya zama ma'auni, don haka hanyar da ta dace ita ce a raba albashin da ma'aunin farashin kayan masarufi na wannan watan.

Dakta Asma'u:
A nan ma a yi hattara, Alhaji, domin shi ma ma'aunin farashin an sabunta shi. A farkon 2025 an mayar da shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, an sake kwandon kayan da nauyin kowanne. Hauhawar farashi da aka ce kashi 34.80 a Disambar 2024 ta koma 24.48 a Janairun 2025. Wanda zai lissafa ƙimar albashi daga 2019 zuwa yau sai ya ɗinke tsohon jeri da sabo a watan da suka haɗu, ba ya ɗauko lamba daga nan da can ya raba ba.

Malam Isuhu, Maraɗi:
Kuma mafi ƙarancin albashi doka ce, ba awo ba ce. Namu ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000, amma wanda ke aiki a garejin unguwa ko gidan burodi bai san da zancen ba. Ina jin naku ma haka ne.

Alhaji Garba:
Haka ne Malam Isuhu. Dokarmu ta 2019 ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan masu aikin ɗan lokaci, da masu karɓar kamasho, da 'yan ƙwadagon gona ba. In ka haɗa wannan da kashi 11.8 da Dakta ta kawo, za ka ga mutanen da 70,000 ta shafa kai tsaye 'yan kaɗan ne. Sauran, mai shayi da mai faci da mai ɗinki, riba suke samu ba albashi ba, kuma auna riba ya fi wuya nesa ba kusa ba. Mai shayi ya san cinikin jiya, amma sai an zauna da shi an cire kuɗin burodi da madara da sukari da gas da ƙwai, an cire abin da shi da yaransa suka ci daga tebur, kafin a san abin da ya rage masa. In aka tambaye shi na wata guda kai tsaye, ƙiyasi zai yi, wani kuma ya rage saboda tsoron haraji. Shi ya sa masu bincike suka fi yarda da tambayar abin da gida ya kashe fiye da abin da ya samu.

Injiniya Bashir:
Na karɓi bayanin lissafin, amma ina nan kan bakata a abu ɗaya. Da hukumar ta ci gaba da fitar da adadin tsohon tsari kusa da na sabo, ko da na shekara biyu ne, da an ga inda aka dosa. Tunda ana tambayar awannin da kowa ya yi, ba abin da zai hana a ware masu ƙasa da awa 20 a nuna su a tebur guda.

Malam Nura, Zariya:
Ana iya ware su, Injiniya, kuma ya kamata a riƙa yi, domin awannin suna cikin bayanan da aka tara. Sai dai ko an yi, ba zai zama ci gaban tsohon jerin ba, tunda tambayoyin da ke shigo da mutum fage sun canza, iyakar shekaru ta canza, lokacin fita ma ya canza. Abin da zai ba ka shi ne yawan masu ƙananan awanni a sabon tsari, daga ƙarshen 2022 zuwa gaba. Jerin da ake iya kwatantawa daga nan ya fara: 5.3 a ƙarshen 2022, 4.1 da 4.2 da 5.0 a watanni tara na farkon 2023, 5.3 a farkon 2024, sai 4.3 a watanni ukun da suka biyo baya. Ko a cikin wannan ma, farkon shekara da farkon shekara ake gwadawa, damina da damina, saboda noma yana ɗaga adadin yana sauke shi.